PeerTube: Yadda Dandalin Bidiyo Marar Uban Gida Ɗaya Yake Aiki

Wanda ya saba da YouTube, ranar da ya fara neman PeerTube yakan rikice a wuri ɗaya: ina ƙofar shiga? Babu ƙofa ɗaya. PeerTube manhaja ce da kowa zai iya ɗauka kyauta ya girka a kan uwar garkensa, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana tana raba wa mutane shafi, sai ya wayi gari da dandalin bidiyo nasa na kansa, da adireshinsa da dokokinsa. Jami'a tana iya buɗe nata, gidan rediyo ya buɗe nasa, mutum ɗaya ma ya buɗe don bidiyonsa kaɗai. A nan za mu riƙa kiran kowane ɗaya daga cikinsu “gida”. Gidajen nan suna magana da juna, kuma daga wannan maganar ce amfanin abin da wahalarsa duka suka fito.

Wani ɗalibi ɗan Faransa da aka fi sani da laƙabin Chocobozzz ne ya soma rubuta manhajar a 2015. Ƙungiyar Framasoft, wadda ba ta neman riba, ta ɗauke shi aiki a 2017, aka tara gudummawar jama'a sama da yuro 50,000 a tsakiyar 2018, sigar farko ta fito a watan Oktoba na shekarar. Lasisinta AGPL ne: kowa na iya karanta rubutun manhajar, ya gyara, ya raba, amma wanda ya gyara ya buɗe wa jama'a dandali da gyararriyar, wajibi ne ya ba masu amfani damar samun abin da ya gyara. A watan Yunin 2018, da YouTube ta toshe bidiyoyin gidauniyar Blender, masu manhajar zanen nan, sai suka buɗe nasu gidan na PeerTube. Wannan ne ya fara jawo hankalin mutane da yawa ga abin.

Yaren da gidajen ke magana da shi sunansa ActivityPub, ƙa'idar da W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a Janairun 2018, kuma ita ce dandalin sada zumunta na Mastodon ke amfani da ita. Mai kula da wani gida yana iya sa gidansa ya bi wani gidan. Daga nan bidiyoyin wancan za su riƙa bayyana a nan, da sunansu da hotonsu da bayaninsu, a kalle su, a yi musu sharhi, ba tare da an bar shafin ba. Sai dai a lura da wannan sosai, domin mutane da yawa a nan suke kuskuren fahimta: bayanin bidiyon ne ya yi tafiya, fayil ɗin kansa yana nan zaune a gidan da aka ɗora shi. Idan ka danna kunnawa, burauzarka can take zuwa ta ɗebo. Ranar da gidan asali ya mutu, hoton bidiyon zai iya ci gaba da bayyana a wasu gidaje na ɗan lokaci, amma ba zai kunnu ba.

Bin nan kuma ba ya faruwa da kansa. Sabon gida da aka girka yau ba ya ganin kowa, ba mai ganinsa, har sai mai shi ya zaɓi waɗanda zai bi. Shi ya sa mutum biyu za su rubuta kalma ɗaya a akwatin bincike na gidaje biyu, su ga sakamako daban. Framasoft ta rage wannan matsala a 2020 da injin bincike mai suna Sepia Search, wanda ke tattara bidiyoyin gidajen da suka yi rajista a jerinta. Wasu masu gidaje sun haɗa shi da akwatin bincikensu, wasu sun ƙi, don ba sa son a ga abin da ba su tantance ba a ƙarƙashin sunansu. Akwai dabara ɗaya mai sauƙi ga wanda ya shiga asusunsa: kwafi cikakken adireshin bidiyon da ka gani a wani gida, ka manna a akwatin binciken gidanka. Idan mai gidan bai rufe wannan damar ba, zai jawo maka shi, ka yi sharhi ko ka sa shi a jerinka.

Mai kallo kawai ba ya bukatar asusu. Wanda yake da asusun Mastodon ma yana iya bin tashar PeerTube daga can, ta rubuta sunanta a siffar @tasha@adireshin-gida. Sabbin bidiyoyi za su riƙa zuwa masa kamar kowane saƙo, idan ya amsa kuma amsar ta bayyana a matsayin sharhi a ƙarƙashin bidiyon. Kowace tasha tana da RSS, wato hanyar samun sanarwar sabbin bidiyoyi ta manhajar karanta labarai, akwai kuma manhajar waya ta hukuma da ta fito a ƙarshen 2024.

Zaɓen gida

Ga mai son ɗora bidiyo, babu shawarar da ta kai wannan nauyi, kuma ita ce aka fi yi da gaggawa. Shafin joinpeertube.org yana da jerin gidaje da za a iya tacewa da harshe da fanni. Kafin ka cika fom, buɗe shafin bayanin gidan ka karanta shi har ƙarshe. PeerTube ta tanadi gurabe da mai gida zai amsa tambayoyi takamaimai: wane ne shi, me ya sa ya buɗe gidan, tsawon wane lokaci yake da niyyar riƙe shi, da me yake biyan kuɗin uwar garke, wa ke sa ido kan abin da ake ɗorawa. Gidan da ya bar waɗannan gurabe wayam, ga rajista a buɗe, ga alkawarin wuri marar iyaka, a guje shi. Wurin ajiyar bidiyo kuɗi ne da ake biya kowane wata, kuma wanda bai faɗi inda zai samo su ba yawanci bai yi lissafin ba.

Duba kason da ake ba kowane asusu. Iri biyu ne: jimillar abin da za ka iya ajiyewa, da abin da za ka iya ɗorawa a rana ɗaya. Duba sigar manhajar da gidan yake kai, tana rubuce a shafin bayanin; gidan da ya yi shekara biyu ba a sabunta shi ba alama ce mai shi ya juya baya. Duba jerin gidajen da yake bi da masu bin sa, domin nan ne iyakar inda bidiyonka zai kai da kansa. Sannan ka zagaya bidiyoyin gidan na minti goma. Idan tallan bogi da finafinan sata ne suka cika shi, to manyan gidaje sun riga sun toshe shi ko suna gab da yi, kuma aikinka zai tafi tare da shi, kamar yadda wake ɗaya ke ɓata gari. Gidaje masu kyau da yawa sai ka rubuta dalilin neman asusu, mutum ya karanta ya amince. Jiran kwana ɗaya ko biyu a nan alheri ne, yana nuna akwai mai tsaron ƙofa.

Asusu daban, tasha daban. Asusun kai ne, tashoshin kuma rumbuna ne da kake zuba bidiyo, kana iya buɗe fiye da ɗaya, mutane su bi wadda suke so. Sunan da ke cikin adireshin tasha ba ya canzuwa bayan an ƙirƙira, sunan da ake nunawa ne kawai ake iya gyarawa, don haka a yi tunani kafin a rubuta.

Wajen ɗorawa hanyoyin su ne: fayil daga na'urarka, ko adireshin bidiyon da ke wani dandali, ko fayil ɗin torrent, biyun ƙarshe idan mai gida ya kunna su. Jawowa daga wani dandali da manhajar yt-dlp ake yin sa, kuma shi ne ya fi yawan lalacewa, domin manyan dandamali suna sauya tsarinsu ko su toshe adireshin uwar garken da ta cika roƙo. Idan ya ƙi, sauke bidiyonka da kanka ka ɗora fayil ɗin, ya fi sauri a kan jiran gyara. Akwai kuma damar haɗa tasharka ta wani dandali da ta PeerTube ta riƙa kwafo sabbin bidiyoyi da kanta, amma ita ma a kan yt-dlp ta dogara.

Bayan fayil ya hau, aiki bai ƙare ba. Uwar garke za ta miƙa shi ga manhajar FFmpeg ta sake sarrafa shi zuwa girma daban-daban, misali 1080p da 720p da 480p da 360p, don na'urar mai kallo ta zaɓi wanda layinsa zai iya ɗauka. A ƙaramar uwar garke, bidiyon awa ɗaya na iya cin fiye da awa ɗaya ana sarrafa shi, idan kuma akwai wasu a layi sai ka jira su. Akwai akwatin da ake dannawa don kada a wallafa bidiyon sai an gama sarrafawa; a bar shi a danne, in ba haka ba masu kallon farko za su iya cin karo da fayil ɗin da burauzarsu ba ta iya kunnawa. Fayil ɗin MP4 mai hoton H.264 da sautin AAC shi ne mafi ƙarancin rigima. Wasu gidajen suna riƙe bidiyon sabon mai asusu har sai mai sa ido ya duba, saboda haka in ka ga naka bai fito ba, duba sanarwarka kafin ka sake ɗorawa.

Matakan sirri biyar ne: na kowa, wanda ba a jera ba sai mai mahaɗi, na masu asusu a gidan kaɗai, mai kalmar sirri, da naka kai kaɗai. Na masu kalmar sirri ya zo da siga ta 6 a Nuwamban 2023, tare da raba bidiyo babi-babi. Kada a ɗauki “ba a jera ba” a matsayin ɓoyewa: duk wanda ya samu mahaɗin zai kalla, ya kuma tura wa wani. Kuma duk matakin da ka zaɓa, mai uwar garke yana da iko da fayilolin da ke kanta.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa shi ne ajiye ainihin fayil ɗinka a wurinka. Sai mai gida ya kunna ajiye na asali ne ake riƙe shi. In bai kunna ba, da zarar an gama sarrafawa ana share shi, abin da ya rage sarrafaffun kwafi ne masu ƙarancin inganci. Tun siga ta 6.1 a 2024 ana iya fitar da asusu gaba ɗaya a ƙunshi guda, a kai wani gida a shigar. Wannan ya sauƙaƙa ƙaura, amma bidiyoyin za su samu sabbin adireshi, tsofaffin mahaɗan da ka raba ko ka manna a shafuka za su mutu tare da tsohon gida, masu bin ka kuma sai ka sanar da su su biyo ka.

Masu kallo suna taya juna

Sunan PeerTube daga nan ya samo asali, domin “peer” a Turanci na nufin abokin musaya. Ana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa na 'yan daƙiƙoƙi ta tsarin HLS. Idan mutum hamsin suna kallon bidiyo ɗaya a lokaci ɗaya, burauzar kowannensu tana iya karɓar wasu gunduwoyin daga sauran masu kallo ta fasahar WebRTC, maimakon kowa ya ɗebo daga uwar garke. Kowace gunduwa da ta zo daga wani ana gwada ta da hatimin SHA-256 da uwar garke ta bayar, don kada wani ya cusa abin da ba shi ba. A ƙasan allon kallo ana ganin adadin abokan musayar da yawan abin da ake saukewa da wanda ake turawa.

Amfaninsa yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Sai masu kallo sun haɗu a lokaci ɗaya, a kan girma ɗaya, sannan suke taimakon juna. Bidiyon da ya yi farin jini kwatsam, ko shirin kai tsaye, nan ne tsarin yake ceton ƙaramar uwar garke. Tsohon darasi da mutum ɗaya ke kallo da safe, wani da dare, uwar garke ce ke ɗaukar nauyinsa ɗungurungum.

Yana kuma da farashi ga mai kallo. Musaya kai tsaye tana nufin abokan musayarka na iya ganin adireshin IP naka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet, kuma kana tura data ban da wadda kake saukewa. Manhajar tana daina turawa idan burauza ta shaida mata cewa layin waya ake kai, amma ba kowace burauza ke bayar da wannan bayani ba. Wanda datarsa a ƙidaye take, ko yake kallon abin da ba ya son a danganta shi da shi, ya shiga saitin bidiyo ya kashe musayar. Ko marar asusu yana iya yi, bidiyon kuma zai ci gaba da kunnuwa daga uwar garke.

Gidaje ma suna taya juna. Mai gida yana iya ware wani kaso na ma'ajiyarsa don kwafo bidiyoyin gidan da yake bi, waɗanda aka fi kallo ko masu tashe ko sababbi, sai masu kallo su riƙa ɗiba daga wurare biyu. Rage cunkoso ne manufarsa; kwafin yana ƙarewa bayan wa'adi, don haka ba madadin ajiyar ko-ta-kwana ba ne.

Shirin kai tsaye ya shigo da siga ta 3 a Janairun 2021. Gidan zai ba ka adireshin RTMP da mabuɗin shiri, ka manna su a manhajar watsa shiri irin OBS Studio. Mabuɗin nan kamar kalmar sirri yake, duk wanda ya same shi zai iya watsa abin da ya ga dama a tasharka. Jinkiri tsakanin bakinka da kunnen mai kallo kusan daƙiƙa 30 ne a tsarin da aka saba. Ana iya rage shi, amma hakan yana kashe musayar masu kallo, nauyi duka ya koma kan uwar garke. A tuna a danna ajiye shirin tun kafin a fara, idan ana son ya zauna bayan an gama. Hira a gefen allo ba ta cikin ainihin manhajar, sai mai gida ya girka ƙarin da ke yin ta.

In za ka gina naka

Kayan haɗin su ne kwamfuta mai Linux, da Node.js, da rumbun bayanai na PostgreSQL, da Redis, da FFmpeg, da nginx a gaba, sai sunan yanki da takardar tsaro ta HTTPS wadda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta. Ana iya girka su ɗaya bayan ɗaya ko a yi amfani da Docker. Manhajar kanta ba ta da ci: ƙwaƙwalwa gigabait ɗaya da rabi zuwa biyu tana tafiyar da ƙaramin gida. Abubuwa uku ne ke cinye mutum, kuma duka ana iya lissafa su da biro tun kafin a kashe ko sisi.

Na farko wurin ajiya. Ɗauki bidiyon awa ɗaya a 1080p mai gudun megabit 5 a daƙiƙa. Sau daƙiƙa 3,600, a raba da 8, ya ba da gigabait 2.25. Ƙara kwafin 720p a megabit 2.5, gigabait 1.1 ke nan. Na 480p da 360p su haɗu su kusan gigabait ɗaya. Awa ɗaya ta zama sama da gigabait 4, awa ɗari ta haura gigabait 400. Idan ka kunna tsarin HLS da na fayil ɗin bidiyo na gargajiya tare, kowane girma sau biyu za a ajiye shi, lissafin ya ninka. Yawancin gidaje HLS kaɗai ya ishe su, da girma uku. Babu dalilin kunna 1440p da 2160p don darasin da allo da murya ne kawai a ciki.

Na biyu faɗin layin fita. Layin megabit 100 zai ɗauki mutum 20 masu kallon 1080p a wancan gudun, ko 40 a 720p, kafin hoto ya fara tsayawa. Mutum dubu da suka kalli awa ɗaya a 720p sun ja fiye da terabait ɗaya, don haka a karanta sharaɗin kamfanin haya kan yawan abin da ake fitarwa a wata. Na uku ƙarfin sarrafawa, musamman a shirin kai tsaye, inda dole a sarrafa kowane girma nan take. Idan ma'ajiya ta cika, ana iya mayar da bidiyoyi ma'ajiyar waje mai tsarin S3. Idan sarrafawa ce ta yi nauyi, tun 2023 ana iya ba wata kwamfuta daban aikin, ko da ta ofis ce mai ƙarfi, ta karɓo ta sarrafa ta mayar. Rubuta abin da ake faɗa a ƙasan allo da kanta, wadda ta zo a 2024 bisa fasahar Whisper, ita ma aiki ne mai nauyi da ya fi dacewa da wannan hanya, kuma ingancinta ya danganta da harshen da ake magana.

Kurakuran da suka fi kayar da sababbin masu gida sanannu ne. Mafi muni shi ne sunan yanki: da zarar gida ya fara hulɗa da wasu, sunan ya shiga shaidar kowane asusu da kowane bidiyo, ba a canza shi ba tare da an yanke zumuncin ba. A zaɓi wanda za a iya riƙewa shekaru, a kuma kiyaye ranar sabunta shi. Sai rashin saita hanyar aika imel, wanda ke hana mutane tabbatar da asusu ko maido da kalmar sirri. Sai mantawa da buɗe ƙofa ta 1935 a uwar garke, wadda shirin kai tsaye ke shigowa ta cikinta, a yi ta mamakin abin da ya hana OBS haɗuwa. Idan ɗora babban fayil yana yankewa a tsakiya, a fara duba iyakar girman da nginx ko wani mai tsaron gaba ya sa, sannan a duba ko faifan ya cika, domin sarrafawa tana bukatar wurin wucin gadi. Ajiyar ko-ta-kwana kuwa sassa uku ce: rumbun PostgreSQL, da jakar bidiyoyi, da fayil ɗin saiti. Wanda ya kwafi bidiyoyi ya bar rumbun, zai tarar da tarin fayiloli masu dogayen lambobi a matsayin suna, ba take, ba tasha, ba sharhi.

Buɗe rajista ga kowa shawara ce da ta fi duk waɗannan girma. Daga ranar da baƙo ya ɗora bidiyo a gidanka, ƙorafin haƙƙin mallaka da rahoton abin da ya saɓa doka kai za su samu, bisa dokar ƙasar da uwar garken take. Kayan aikin suna nan: amincewa da rajista da hannu, riƙe sabbin bidiyoyi har a duba, toshe bidiyo, rufe bakin asusu ko gida sukutum, ƙaramin kaso ga sabon shiga. Amma mutum ne zai zauna ya yi amfani da su, kowace rana. Makaranta ko ƙungiya da ke son wurin ajiye darussanta da taronta, ta bar rajista a rufe, ta buɗe wa ma'aikatanta asusu da hannu, ta bi gidaje kaɗan da ta yarda da su.

PeerTube ba ta zo da talla ba, ba ta raba kuɗin kallo, ba ta kuma da injin da ke nazarin ɗabi'ar mutum yana tura masa bidiyo bayan bidiyo. Abin da ta ba mai tasha shi ne maɓallin tallafi a ƙarƙashin bidiyo, inda zai rubuta yadda za a taimaka masa. Ma'anar haka ita ce masu kallo ba za su faɗo daga sama ba. Kai za ka kawo su, ta manna bidiyon a shafinka, da tura mahaɗi, da cika take da bayani da alamomi da harshen bidiyo yadda Sepia Search za ta gane shi. Shi ya sa masu tashoshi da dama suke tafiyar da biyun tare: suna sakawa a babban dandali don a gan su, suna kuma riƙe cikakken rumbunsu a gidan PeerTube, su sa mahaɗinsa a ƙarƙashin kowane bidiyo.